Wa Ake Yi wa Dariya? Rabon Harsuna a Wani Wasan Kwaikwayo na Gaya

1. Gabatarwa

Wannan ɗan nazari ya samo asali ne daga wani wasan kwaikwayo da muka kalla a garin Gaya, cikin jihar Doso, a watan Disamba na 2024. Ba kallon wasa ya kai mu garin ba. Mun je ne tattara kalmomin aro na kasuwa, sai mai masaukinmu ya ja mu bayan sallar isha'i zuwa wani fili inda wata ƙungiyar samari da ƴanmata ta unguwa ke nuna teyatur, kuɗin shiga dala ashirin. Mun nemi izini mun ɗauki maganganun a na'ura, muka koma kallo na biyu bayan kwana uku. Ba za mu ambaci sunan ƙungiyar ba, domin ƴan wasan ba don a yi sharhi a kansu a jami'a suka fito ba.

Ba mu da niyyar bin jigo da zubi da tsari da salo ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba. Tambayarmu guda ce: a cikin ƴan wasan, wa aka ba wane harshe, kuma me wannan rabo yake gaya wa ƴan kallo? Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, saƙon da wasan ya furta da baki daban, saƙon da rabon harsunansa ya isar daban, kuma na biyun ya fi na farkon shiga kunne.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan wasa ya dace da aikin mai nazarin harshe. Teyatur na Nijar a harsunan gida, in ban da kaɗan, ba rubutacce ba ne. Ban da wasannin da aka wallafa da Faransanci, irin Tanimoune na André Salifou a farkon shekarun 1970, abin da jama'a suka sani shi ne wanda ƙungiya take zama ta tsara labarinsa, ta raba fitowa-fitowa, sannan kowane ɗan wasa ya ƙago maganarsa a kan dandamali. Janet Beik ta bayyana wannan tsari a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, Chaïbou Dan Inna kuma ya bi diddiginsa a aikin Yazi Dogo, wanda ƙungiyarsa ta Damagaram ta shiga gidajen mutane ta rediyo da talabijin. Tun da babu alƙalamin marubuci tsakanin ɗan wasa da bakinsa, abin da ya fito shi ne abin da shi da ƴan kallo suka yarda cewa haka alhaji yake magana, haka malamin lakwal, haka wawa. Wato dandamali wuri ne da ake jin ra'ayin al'umma game da harsunanta ba tare da an raba takardar tambayoyi ba.

2. Gaya da harsunanta

Gayar da muke magana a kanta ita ce ta ƙasar Dandi, a bakin kogin Kwara, kimanin kilomita 150 kudu da Doso, ba Gaya ta jihar Kano ba. Gadar da aka gina a 1958 ta haɗa ta da Malanbil a Jamhuriyar Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma tafiya ce da ba ta kai awa guda a mota ba. Olivier Walther ya nuna a littafinsa na 2008 yadda kasuwannin garuruwan nan uku suke aiki kamar kasuwa ɗaya mai ƙofa uku, da kuma yadda da yawa daga manyan ƴan kasuwarsu baƙi ne da cinikin iyaka ya kawo.

Ta fuskar harshe, Kyangawa ake ɗauka a matsayin mazauna na farko, amma harshensu, wanda ke cikin dangin Mande, ya ja baya ƙwarai, jikokinsu sun koma Dandanci ko Hausa. Dandanci reshe ne na Songhay, ɗan'uwan Zabarmanci na kusa, kamar yadda Robert Nicolaï ya tsara a aikinsa na 1981. Ga Fulatanci, ga Faransancin lakwal da ofis, ga Yarabanci da harsunan kudu a bakin kasuwa. Hausar yankin kuwa ta yamma ce, ƴar'uwar ta Kabi da ta Arewa: munka, sunka, tahi, biyat. Abin lura shi ne, ɗan Gaya da ya tashi a garin ba safai yake da harshe ɗaya ba, kuma Badanden da ke hulɗa da kasuwa yakan ji Hausa tun yana yaro. Wanda ya fi zama da harshe ɗaya tak shi ne Bahaushen da ya zo daga gabas, domin kowa na iya yi masa magana da nasa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar. Ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairu na 2024, amma har lokacin da muka kalli wasan gadar tana rufe ta ɓangaren Nijar, masu ƙetarewa sun koma ga jiragen ruwa. Ƴan kallon da muka zauna da su sun san kuɗin fito, sun san nauyin buhu a kafaɗa daga mota zuwa gaɓa. A kan wannan hali aka gina wasan.

3. Labarin a taƙaice

Wani Alhaji mai cinikin gwanjo, wanda ya yi shekaru a garin bai koyi Dandanci ba, ya ba da ƴarsa ga ɗan amininsa a ƙetaren kogi. Ranar kai amarya ta matso, hanya a rufe. Akwai wani matuƙin jirgi Badande da Alhaji ya taɓa hana wa kuɗin fiton kaya, ya kai ƙara gun mai gari aka yi masa dariya aka sallame shi. Alhaji ya gwada zagayawa ta hanyar mota, wani mai shinge ya tatse shi ya komo da shi. Dole ta sa ya nemi matuƙin. A tsakiyar ruwa aka yi ciniki, aka biya tsohon bashi, aka kai amarya. Daga ƙarshe malamin lakwal, wanda ake kira Mushe, ya fito gaban dandamali ya yi jawabi a kan cewa iyaka ta Bature ce, mutanen gaɓa biyu kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Tsakanin fitowa da fitowa ƴanmata shida suna rera waƙoƙin biki da Dandanci, ana kaɗa ƙwarya. Waƙoƙin sun yi armashi, mata a cikin ƴan kallo suna amshi tun ba a nema ba, kuma su suka riƙe wasan duk lokacin da injin wuta ya yi gardama. Jawabin Mushe kuwa gado ne da muka sani. Tun lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya, aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, wasan gasa yakan ƙare da wani mai ilimi da zai fito ya warware darasi, don kada alƙalai su ce ba su ga faɗakarwa ba. Bikin ya wuce, jawabin ya zauna. A daren farko mun lura mutane sun fara naɗe tabarmi tun Mushe bai kai rabi ba.

4. Rabon harsuna

An ba Alhaji da matarsa Hausar yamma, irin wadda ake ji a kasuwar garin. An ba Mushe Hausa mai kusa da daidaitacciya, ta labarun rediyo, yana surka ta da Faransanci. Mai shinge Hausarsa cike take da aron Ingilishi. Matuƙin jirgi kuwa an ba shi gwaranci. Ga misalai kamar yadda muka ji su:

(1) Alhaji: Yaran da sunka tahi Malanbil har yanzu ba su komo ba.
(2) Mushe: Mutanen da suka shata wannan iyaka ba su tambayi kowa ba.
(3) Matuƙi: Matana ya ce kudi ya kare, sinkafa babu.

Bambancin (1) da (2) sananne ne, ba za mu daɗe a kansa ba: sunka da suka, tahi da tafi. Abin da ya kamata a kula da shi kawai shi ne, duk maganar da wasan yake so a ɗauka gaskiya ce, da sigar suka take fitowa. Ɗan wasan da ya fito a Mushe mun gaisa da shi bayan an tashi, munka da sunka yake yi kamar kowa. Wato shi da kansa ya ga cewa Hausar gidansu ba ta isa ɗaukar darasi ba, sai ya aro ta Kano. Ba wanda ya umurce shi.

Misali na (3) shi ne ya fi buƙatar tsayawa. Siffofi uku aka tara a cikinsa. Na farko, rushe jinsi: matana ya ce a maimakon matata ta ce. Na biyu, mayar da baƙaƙe masu ƙugiya zuwa marasa ƙugiya: kudi, kare. Na uku, sh ta koma s. Ba a banza aka zaɓe su ba. Harsunan Songhay ba su da jinsin nahawu, wakilin suna ɗaya ne ga namiji da mace, kuma ba su da ɓ, ɗ, ƙ. Saboda haka baligin da ya koyi Hausa da girma yana iya yin waɗannan kurakurai. Sai dai matuƙin jirgi a gaɓar Gaya, wanda rabin masu shiga jirginsa Hausawa ne tun yana riƙe wa ubansa gora, ba shi ne wannan baligi ba. Kuma gwarancin bai zauna daram ba. Mutumin da aka ce ya kasa bambanta ya da ta, sai ga shi yana sarrafa munka da sunka a muhallinsu ba kuskure ko ɗaya, alhali wannan ya fi jinsi wuyar koyo. Da aka zo wurin da ya fusata da Alhaji, ɗan wasan ya manta, ya yi jimla uku cur da jinsi daidai da ƙ mai kyau, sannan ya tuna ya koma. A ganinmu wannan gwaranci ba daga bakin Dandawan Gaya aka kwaikwayo shi ba. Daga finafinan Kano aka aro shi, inda ɗan ƙabila mai karya Hausa ya daɗe da zama abin dariya, aka sa masa hular Dandi. Kalmar gwaranci kanta, wadda aka ƙera daga sunan Gwarawa, ta isa shaida cewa al'adar ta girmi finafinan.

Ba za mu wuce ba sai mun tuna wa mai karatu cewa raunin jinsi ba na baƙin harshe kaɗai ba ne. A Hausar Bauci da wani sashe na Zazzau ana jin irinsa a bakin waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa. Amma ba mu taɓa ganin an fito da su a dandamali a matsayin waɗanda ba su iya Hausa ba.

Babbar dariyar wasan tana fitowa ta biyu, a gaban mai gari. Matuƙi ya durƙusa ya ce ya kawo kara. Mai gari ya ce a kai bayan gida a ba awaki. Matuƙi ya nanata, fadawa suka tambaye shi na gero ne ko na dawa. An ja wannan har kusan minti biyar, fili ya kece. Mu ma mun yi dariya, ba za mu ɓoye ba, domin wanda ya fito a mai gari gwani ne wajen riƙe fuska. Amma in aka duba, ruɗanin ƙaƙabawa ne. Kara na gona wasalinsa na farko gajere ne, gaɓoɓinsa biyu duk karin sama. Ƙara ta shari'a wasalinta na farko dogo ne. Ɗan wasan ƙugiya kaɗai ya cire, ya bar tsawon wasali da karin sauti yadda suke, don haka babu Bahaushen da zai ji shi ya ɗauka karan dawa yake nufi. Mai gari ya fahimta sarai, ya ga dama ne ya ƙi fahimta. Da ƙungiyar ta gane abin da ke hannunta, da wannan fitowa ta zama suka mai zafi a kan yadda mai iko ke fakewa da harshe ya hana talaka hakkinsa. Amma yadda aka tsara ta, matuƙi ake yi wa dariya, mai gari kuwa tare da shi ake yi. Bashin da aka zo nema ya bi ruwa, ba wanda ya sake tuna shi sai a tsakiyar kogi.

Mai shinge lamarinsa ya fi sauƙi, amma akwai wayo a ciki. Kakinsa ba tuta, ba a ambaci sunan ƙasa ba ko sau ɗaya. Sai dai yana cewa oga, yana cewa kwastan, lissafinsa da naira. Da ya ce dwan, ya ce shef, ya nemi jikka biyu, da kowa ya san a wace gaɓa shingen yake. Da kalmomin aro uku aka ɗauki laifin aka ƙetare da shi iyaka, a cikin wasan da darasinsa shi ne iyaka ba komai ba ce. Ba mu zargi samarin da tsoro ba, kowa ya san inda yake kwana. Muna nuna dai cewa a bakin iyaka zaɓi tsakanin aron Faransanci da aron Ingilishi tamkar nuna takardar shaidar ɗan ƙasa ne, kuma ƴan kallo suna karanta ta nan take.

5. Fitowar tsakiyar kogi

A nan ne wasan ya fi ƙarfin masu shi. An shimfiɗa shuɗin zane a ƙasa, aka jera benci biyu a matsayin jirgi. Cikin jirgin akwai Alhaji, da amarya a lulluɓe, da gwaggon ango wadda ta zo tarbo, tsohuwa da ba ta magana sai da Dandanci, da matuƙi da yaronsa. Da aka kai tsakiya sai matuƙi ya ɗaga gora ya ajiye. Daga nan har kusan minti goma, yawancin maganar da Dandanci aka yi ta, tsakanin matuƙi da yaro da gwaggo, Alhaji na raba ido.

Abu uku suka faru a lokaci guda. Ɗan wasan ya miƙe daga ranƙwafawar da yake yi tun farko, muryarsa ta sauka, ya daina wage baki. Mutumin da muka ɗauka wawa ne sai ga shi magidanci mai lissafi, yana jera ranakun da ya yi wa Alhaji fito da adadin dilolin. Sannan dariya ta sauya wuri a cikin filin. Da, daga ko'ina take tashi. Yanzu sai ta fara daga ɓangaren mata da tsofaffi, ta ɗan jima kafin ta iso inda muke, bayan maƙwabci ya raɗa wa maƙwabci fassara. Mu da muke jin Zabarmanci sama-sama mun tsinci rabi, rabi ya wuce mu, muka ɗanɗana abin da gwaggo ta ɗanɗana a fitowa huɗun da suka gabata. Na uku, Alhaji ya koma mai roƙon tafinta, kuma ba wani tafinta a jirgin sai wanda yake bin sa bashi. Gwaggo ta yi doguwar magana mai zafi, matuƙi ya juya ya ce wa Alhaji, da Hausa, wai tana gaishe shi. Alhaji ya yi godiya har da dafa ƙirji. Wannan ita ce dariya mafi tsawo a daren, kuma ita kaɗai ce aka yi wa mai harshe ɗaya.

Cinikin ma akwai abin lura a cikinsa. Matuƙi ya yanka kuɗi da zangu, Alhaji ya ce bai san wannan ba, a yi masa da Hausa. Zangu ɗari ce, a lissafin kuɗi kuwa dala ɗari, wato sefa 500, tun da Zabarmawa da Dandawa, kamar Hausawan Nijar, da dala suke ƙirga kuɗi ba da tamma ɗaya-ɗaya ba. Abin da Alhaji bai sani ba, ƙila ƴan wasan ma ba su sani ba, shi ne zangu da zambar duk suna cikin tsohuwar Hausa ta zamanin wuri. Kalmar da ya ƙi a matsayin baƙuwa, kakanninsa sun ƙirga kuɗi da ita a kasuwar Katsina.

Kuskuren da ya ɓata wannan fitowa shi ne, da jirgi ya taɓa gaɓa sai matuƙi ya koma ranƙwafawa, ya koma matana ya ce, ya karɓi kuɗinsa yana rawa. Mushe ya fito ya rufe. Mai harshe uku, wanda shi ya ƙetare da kowa, bai samu ko jimla ɗaya a cikin darasin zumuncin gaɓa biyu ba. Dandanci ya samu waƙa, ya samu zagi, ya samu ciniki, amma ba a ba shi bayani ba.

6. Abin da ƴan kallo suka ce

Ba mu yi wata ƙididdiga ba, hira ce kawai a hanya da wajen shayi, don haka a ɗauke ta a matsayinta. Samarin fadar da muka zauna da su, Hausawa da Dandawa a gauraye, ba su ga abin magana ba. Wani mai kabu-kabu ya ce mana: "Malam, wasa ne fa. In ba a karya harshe ba wa zai biya dala ashirin?" Wani ya kawo hujjar da muka san za a kawo, wato taubasantaka: Bagobiri na tsokanar Bazabarme, Ba'are na tsokanar Bafillace, ba a taɓa jin an yi faɗa ba, har UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon duniya a 2014.

Hujjar tana da nauyi, amma ba ta rufe bakin magana ba. Sharaɗin wasan taubasai shi ne ramuwa. Wanda aka tsokana yana nan tsaye, yana da bakin mayarwa, kuma gobe shi zai fara. A dandamali kuwa an riga an raba wa kowa bakinsa tun kafin a fito. Mun tambayi samarin ko sun taɓa ganin wasan da Bahaushe ya fito yana karya Dandanci ana yi masa dariya. Suka yi shiru, sannan ɗaya ya ce ai Bahaushe ba ya ma gwadawa balle ya karya. Aka yi dariya, aka zuba shayi na biyu.

Uwargidan mai masaukinmu, Badandiya ce da ta haura sittin, ita waƙoƙin ta yaba, ta ce an rera su yadda ake rerawa, ban da ɗaya da aka gaggauta. Da muka tambaye ta matuƙin jirgi, sai ta ce: "Ɗana, ko kakana da bai taɓa zuwa Kamba ba bai yi irin wannan Hausa ba." Ba ta ce ta ji haushi ba, kuma ta koma kallo na biyu tare da mu. Amma mun lura a fitowar mai gari ba ta yi dariya ba, goro ta ɓantara. Mijinta kuwa cewa ya yi mu ƴan boko mun cika neman magana, ai kowa ya ga wanda ya ci nasara, tun da Alhaji ya biya har da na da. Wannan karatu ma yana da gaskiyarsa, kuma shi ya sa muka ce fitowar kogi ta fi ƙarfin masu ita: ga wanda yake jin Dandanci, minti goman nan sun rinjayi sauran wasan. Ga wanda ba ya ji, kamar ɗan kallon Maraɗi ko na Damagaram in wasan ya yi tafiya, abin da zai rage masa shi ne kara da ƙara.

7. In an zo rubutawa

Wata uku bayan wannan kallo, a ƙarshen Maris na 2025, sabon kundin da hukumomin Nijar suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, sauran kuma harsunan da ake magana da su a ƙasar. Dokar 2001 harsuna goma ta lissafa a matsayi ɗaya, Dandanci yana cikinsu ƙarƙashin inuwar Songhay-Zarma, Kyanganci kuwa ba ya ciki. Ba hurumin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci a kan matakin. Sai dai ya ƙara wa tambayarmu nauyi. Lokacin da Hausa take ɗaya cikin goma, dariyar da ake yi wa mai karya ta tana iya wucewa a matsayin tsokanar maƙwabci. In ta zama ita ce a sama, mai gari da ya ƙi jin ƙara saboda ƙugiya ya tashi daga barkwanci, ya zama abin da mutum zai iya tararwa a ofis. Mu da muka yi karatu a zamanin da ake rataya wa yaro alama a wuya don ya yi harshen gida a lakwal, mun san yadda ake ji, kuma ba Faransanci kaɗai ke iya yin haka ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu koyarwa da ɗalibanmu da ke rubuta kundi a kan teyatur. Ƙa'idojin rubutun Hausa, tun daga taron Bamako na 1966 zuwa na Yamai na 1980 da dokokin 1999, an yi su ne don a rubuta Hausa ɗaya. Waɗanda ake aiki da su yanzu ba sa nuna tsawon wasali, ba sa nuna karin sauti. Ɗalibin da ya juyi wannan wasa bisa ƙa'ida zai mayar da sunka suka, ya gyara wa matuƙi jinsi, ya maido masa da ƙugiyoyinsa, in ya zo tsakiyar kogi ya rubuta cikin baka biyu cewa suna magana da Dandanci, ya wuce. Abin da zai rage a takarda shi ne labarin Alhaji da jawabin Mushe, sai a yi masa babin jigo a ce faɗakarwa ce a kan zumunci. Mun duba kundaye da dama masu wannan siffa, wasu mu muka sa musu hannu. Shawararmu ita ce a riƙa juyar irin waɗannan wasanni layi biyu, na sama yadda aka furta, da alamar tsawo da kari inda ma'ana ta rataya a kansu, na ƙasa da daidaitaccen rubutu, kuma kada a karɓi juyin da ya tsallake wani harshe da aka yi a dandamali.

Mu kanmu ba mu cika wannan sharaɗi ba tukuna. Wanda ya buga mana wannan takarda a kwamfuta ya gyara misali na (3) har sau biyu, da kyakkyawar niyya, sai da muka zauna kusa da shi aka mayar da kurakuran. Minti goman tsakiyar kogi kuwa suna nan a na'ura. Mun ba wani ɗalibinmu ɗan Gaya ya juya su, ya kawo shafi bakwai, ya ce akwai wurare biyu a maganar gwaggo da sai ya koma gida ya tambayi mahaifiyarsa.